Hoton Kan Namadi

Namadi direba ne, kuma duk wanda ya saba shiga tashar Kaura Namoda ya san shi. Shekara goma sha tara yana bin hanyar Shinkafi, ranar Alhamis ta kasuwa sawu biyu, wani lokaci uku. A shekarun da hanyar ta yi zafi da 'yan bindiga, direbobi da yawa suka koma layin Gusau, shi bai sauya ba. In aka ce akwai labari a gaba sai ya kashe mota ya jira, in aka ce hanya ta buɗe ya tayar. Ba ya cika baki a kan haka, amma ba ya hana wani ya cika masa.

'Ya'yansa uku da matarsa Ummusalma, mutuniyar Zurmi. Ta tsakiyar, Nazifa, ita ce bakin gidan. Shekararta tara, kuma tun daga sallar asuba har a kwanta ba ta rasa abin faɗa. Ita ke kawo labarin makaranta da na maƙwabta, har da na akuyar da ta haihu a bayan layi.

Saboda haka da abin ya fara, a tsakiyar damina, ba a daɗe ba aka lura. Tana cikin zuba sai ta tsaya cak, idanu a kafe, hannunta na dama yana ɗan rawa. Bayan kamar minti ɗaya ta dawo, ta dubi mutane ta ce, "Mi nike cewa?" Ummusalma ta gaya wa mijinta. Namadi ya ce ko injin mota in ya yi ta aiki sai ya nemi hucewa. Bai sake wannan wasan ba bayan ranar da aka ɗauko yarinyar daga Islamiyya, ta faɗi a aji tana jijjiga, ta ciji harshe.

A asibitin Kaura aka ba ta magani, aka tura su Gusau. A Gusau likita ya ce farfaɗiya ce, amma yana son a ga abin da ke jawo ta, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a babban asibitin Sakkwato.

Kafin su tafi, mahaifiyar Namadi, Hajiya Kulsumu, ta iso daga Shinkafi. A gidan gaba na motar ɗanta ta zo, da gorar rubutu a cinya da ƙullin daddawa. Hajiya ba ta ƙin asibiti, ita kanta can take karɓar maganin hawan jini. Abin da ya dame ta shi ne a san inda cutar ta fito. Ta zauna a tabarma, ta shafa kan jikarta, ta yi addu'a, sannan ta yi magana tana kallon bango.

"Mu dai zuri'armu, tun daga kakan kakana, ba a san mai faɗuwa ba. Amma na ji an ce can Zurmi akwai wani Armiya'u da ya taɓa faɗuwa."

Ummusalma tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Kawu Armiya'u daga bisa rumbu ya faɗo, Hajiya. Sau guda. Tsani ne ya karye."

"To ai faɗuwa ce," in ji Hajiya.

Namadi ya tuna yana da abin dubawa a mota, ya fita.

Aka bar Hajiya da sauran yaran biyu. Namadi ya ɗauki matarsa da 'yarsa suka bi ta Gusau da Talata Mafara, suka sauka a gidan abokinsa Aliyu, mai sayar da kayan gyaran mota a Sakkwato. Ranar Litinin aka shigar da Nazifa ɗakin hoto. Iyayen suka zauna a benci suna jiyo wata ƙara daga ciki kamar ana sara ƙarfe a maƙera. An daɗe, don har da bayanta aka ɗauka. Da ta fito, ta ce abin ba komai, sai dai an hana ta magana, kuma wannan ne ya fi wuya.

Ranar Laraba suka ga likitar, Dakta Safiya, wata 'yar siririya mai tabarau wadda ba ta gaggawar magana. Ta juyo musu da fuskar kwamfuta ta nuna wani ɗigo mai duhu-duhu da bakin biro.

"A kan kowa akwai jijiyoyin jini, manya da ƙanana, kowace da hanyarta. A nan wasu ƙanana sun cure wuri ɗaya. Wannan bai wuce girman gujiya ba. Bangonsu ba shi da kauri, wani lokaci jini kan ɗan tsattsafo, ya taɓa ƙwaƙwalwar da ke kusa, shi ne take faɗuwa. Sunan abin kabanoma."

"Kaba na sani, noma na sani," in ji Namadi. "Ban dai taɓa jin an gama su wuri guda ba."

Likitar ta yi murmushi, ta ci gaba. Ba ciwon daji ba ne. Ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta miyau ko ta kwanon abinci. Nazifa tana da uku: wannan da ke damunta, da wani ƙarami a ɗaya gefen, da wani ɗan mitsitsi a lakar baya wanda bai taɓa motsi ba. Za ta riƙa shan magani safe da yamma, kada a tsallake ko sau ɗaya. Bayan wata shida a sake hoto. Maganar aiki ba ta taso ba yanzu, sai in maganin ya kasa ko curin ya yi ta zubar da jini. In ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko ƙafa ta yi mata nauyi, a kawo ta ba jira.

"Zan iya tsallen igiya?" in ji Nazifa.

"Za ki iya. Ban da hawa itace, ban da shiga gulbi."

"Makaranta hwa?"

"Dole."

Nazifa ta ɗan ɓata fuska, don ta so a ce ta huta wata guda.

Namadi ya fara tattara takardu, yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka. Sai likitar ta ce akwai sauran magana. Idan curin ɗaya ne tak, yawanci haka kawai yake zuwa. Idan ya wuce ɗaya, sau da yawa gado ne, daga uwa ko daga uba, kuma mutum kan rayu da shi har tsufa bai sani ba. Ba dole ba ne, amma tana ba da shawarar a ɗauki hoton iyayen.

"A hwara da ni," in ji Ummusalma, tun kafin likitar ta rufe baki.

Namadi ya dube ta. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta yi saurin amsa wani abu haka ba.

"Ni dai lahiyata lau," ya ce.

"Ba ka ciwon kai?" in ji likitar.

"Irin na kowa. Rana ce da hanya."

"Duk sati sai ya ɗaure kai da rawani ya kwanta," in ji Ummusalma.

"Mece ce sana'arka?" likitar ta tambaye shi.

"Direba."

Dakta Safiya ta ajiye biro. "To kai na ma fi son in gani."

Namadi ya shiga tunani. In aka ga wani abu aka ce ya ajiye tuƙi, ina zai sa kansa? Bai iya noma ba, bai iya zaman shago ba. Bai faɗa wa kowa wannan ba, ya ce dai Allah ya kai mu.

Aka ba su safiyar Asabar. Ummusalma ta fara shiga, ta cire 'yan kunne da awarwaro ta ba Nazifa. Bayan rabin awa ta fito tana mutsuke ido. Ma'aikacin ɗakin, wani dogo mai suna Liman, ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin wanda ya yi barci cikin wannan ƙara da sauri haka ba.

"Shekara goma sha biyu ban kwanta da hantsi ba wanda ya kira sunana," in ji Ummusalma.

Sai layi ya zo kan Namadi. Liman ya sa shi ya cire agogo da zobe, ya ajiye makullin mota da waya, ya tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya kwantar da shi a kan wani siririn gado, ya toshe masa kunnuwa, ya kifa masa wani abu kamar kwando a fuska, ya damƙa masa 'yar roba a hannu ya ce in ya ji ba daɗi ya matsa. Gadon ya fara tafiya da shi cikin ramin injin. Namadi ya ga rufin ya matso har kusa da hancinsa, kafaɗunsa suna gogar bango dama da hagu. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne kabari. Ƙarar ba ta ma fara ba ya matse robar nan da hannu biyu.

Aka jawo shi. Ya tashi zaune yana haki, riga ta jiƙe.

"Malam, ko minti guda ba a yi ba," in ji Liman.

"Na manta ban kulle mota ba."

"Makullin ga shi can cikin kwano."

"Shi ya sa."

Liman ya ga irin wannan da yawa. Ya ce ya je ya sha iska, zai shigar da wata tsohuwa, in an gama ya sake kiransa.

Namadi ya fito ya zauna a ƙarshen benci. Ummusalma ta duba fuskarsa sau ɗaya, ta ce za ta je neman ruwa, ta bar su. Nazifa ta matso kusa da shi tana kaɗa ƙafafu.

"Baba, ido buɗe ka shiga?"

Ya ce, "I."

"Shi ne kuskuren. Tun kana waje za ka rufe, kuma kada ka buɗe ko sau guda. In ba ka gani ba, ba ka san ƙarami ne ba."

"Ƙarar hwa?"

"Injin niƙan gidan su Zulaihat ne. Ni niƙa na kai. Na bi layi, anka zuba dawata, na tsaya ina jira. Da ƙarar ta sake, na ce gero anka zuba." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ba ka zuwa niƙa. To ka tada mota."

"Mota?"

"Ka yi lodi a tasha ka tahi Shinkafi. Ba ka ce ko ido rufe kana iya bin hanyar ba?"

Ya taɓa faɗin haka, a gaban mutane kuwa. Bai san tana saurare ba.

Da Liman ya sake leƙowa, Namadi ya tashi da bismilla. Ya rufe ido tun kafin a kifa masa kwandon. Gadon ya motsa, ya ce a ransa wannan fitowa ce daga tasha. Ƙarar ta fara, ya ce salansa ce ta fashe, za a gyara in an dawo. Ya zuba fasinja: mata biyu da buhun barkono, wani malami mai carbi a gidan gaba, wani saurayi da ke ta neman a rage masa. Ya wuce gidan mai, ya gaida masu shinge, ya sa giya ta uku. Ya kauce wa ramin nan da ke bayan kwalbati, ya hau gefen dama inda kwalta ta cinye, ya rage gudu saboda shanu suna tsallakawa. Hancinsa ya yi ƙaiƙayi, ya ce hannu biyu na kan sitiyari, sai an tsaya. Wata mata ta ce a sauke ta, ya ce ba a nan ake sauka ba.

Yana hango garin Badarawa ke nan ya ji gadon yana ja da baya.

"An gama, Malam," in ji Liman.

Namadi ya buɗe ido ya ga fitilar ɗaki. "Da ka bari na sauke mutane," ya ce.

Ranar Litinin suka koma wurin Dakta Safiya. Hoton Ummusalma fes, babu komai. A na Namadi ta nuna ɗigo huɗu, ƙanana, a warwatse.

Ya daɗe yana kallon su. Ya ji kunya irin wadda bai san da ita ba. Wata biyu ke nan ana neman inda ciwon yarinyar ya fito, ana jifan dangin matarsa da magana, ashe abin yana cikin hularsa. Ya dubi Nazifa, da tabon da ke gefen harshenta da bai gama warkewa ba, ya ga kamar shi ya sa mata da hannunsa.

Likitar ta lura. Ta ce ba wanda ke zaɓar abin da zai gadar wa ɗansa, shi ma haka ya karɓa daga sama. Sannan ta jero masa tambayoyi. Ya taɓa faɗuwa? Ya taɓa ɗaukewa yana tuƙi, ko ya ga abu biyu-biyu? Hannu ko ƙafa sun taɓa mutuwa? Duk ya ce a'a, Ummusalma ta tabbatar. Likitar ta ce nasa a kwance suke, mai yiwuwa ma ciwon kan nasa na rana da hanya ne kamar yadda ya faɗa. Zai iya ci gaba da tuƙi. Amma ranar da ya ji ɗaya daga cikin abubuwan nan, ko sau ɗaya, ya ajiye makulli ya zo, saboda ba ransa kaɗai ke cikin motar ba. Sauran yaran kuma a sa musu ido, za su yi maganarsu in an dawo.

"Na yi alkawari," in ji Namadi, kuma da gaske yake.

Nazifa tana ta ƙirga ɗigon da yatsa daga nesa. "Nawa ukku, naka huɗu," ta ce. "Ka hi ni da guda."

A hanyar komawa Ummusalma ta karɓi babbar ambulan ɗin hotunan ta ɗora a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu tun daga Sakkwato har Kaura. Namadi ya so ta yi magana ko ta yi dariya a wuce wurin. Ta yi ta kallon gonakin gero ta taga.

Sun iso da la'asar. Bayan an gaisa an sha ruwa, Ummusalma ta durƙusa ta ajiye ambulan a gaban Hajiya, ta koma gefe. Namadi ya yi bayani tun daga farko, da curin jijiyoyi da maganin safe da yamma. Ya ja maganar iya yadda zai iya, amma daga ƙarshe dole ya iso inda ba ya so.

Hajiya ta zaro hoton, ta ɗaga shi sama wajen haske, a juye. Nazifa ta gyara mata, ta nuna mata ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga kan naka ne?"

"Nawa ne, Inna."

"Na Ummu hwa?"

"Ba komi cikin nata."

Hajiya ta mayar da hoton cikin ambulan a hankali. "Likitar ta ce daga uwa ko daga uba?"

"Haka ta ce."

"To babanka ne, Allah shi jiƙan shi. Mutanen Galadi. Dama tun ina amarya ban yarda da kawunansu ba."

"Ana iya ganewa," in ji Namadi. "In anka ɗauki naki."

"Ni zan koya miki yadda ake yi, Hajiya," in ji Nazifa. "Ba wuya. Baba ma ya iya, a karo na biyu."

"Kan da ya shekara saba'in bai nemi hoto ba, ba yanzu za a hwara mishi ba," in ji Hajiya. Ta juya wajen surukarta. "Ummu, ɗiyata, tashi ki ci tuwo tun da zahi. Na sa miki man shanu."

Ummusalma ta tashi. Namadi ya ga gefen bakinta yana motsi lokacin da ta shige ɗaki.

Hajiya ba ta sake ambatar Zurmi ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki maganin Nazifa ta mayar da shi aikinta. Da ta koma Shinkafi, kullum ƙarfe bakwai na safe wayar Ummusalma sai ta yi ƙara, haka kuma bayan magariba. Ba doguwar gaisuwa. "An ba ta?" In aka ce an ba ta, sai ta ce a miƙa wa yarinyar waya ta ji daga bakinta. Daga nan kuma sai Nazifa ta kama labari har katin Hajiya ya ƙare.

Nazifa ta koma makaranta. Ta ɗauke sau biyu a watan farko, aka ƙara mata maganin kaɗan, daga nan shiru. Da wata shida ya cika aka sake hoto, curin yana nan yadda yake, bai ƙaru ba. Namadi ya ci gaba da bin hanyarsa, sai dai yanzu in kai ya sara masa yakan ba wani layinsa ya koma gida, abin da da ba ya yi.

Wata safiya cikin bazara sabis ya ɗauke a Shinkafi. Bakwai ta yi, waya ba ta yi ƙara ba. Ummusalma ta ba da magani, Nazifa ta tafi makaranta, Namadi yana gida ranar saboda motarsa na wurin bakanike. Wajen ƙarfe tara suka ji ana ta danna oda a ƙofar gida. Namadi ya fita ya tarar da Nuhu, abokin aikinsa, da mota cike da fasinjan Shinkafi, ya baro hanyar tasha ya shigo lungu, mutane suna ta mita a baya.

"Lahiya?" in ji Namadi.

"Lahiya lau. Hajiya ta tare ni a tasha tun da sassahe, ta ce kada in sauke kowa sai na biyo nan." Nuhu ya leƙo da kai ta taga. "Ta ce a tambaya, an ba ta?"

"An ba ta."

"To ka kira matarka ta hwaɗi da bakinta. Ta ce kai ba a kama maganarka."

Namadi ya juya ya shiga gida kiran Ummusalma.